Batirin Masallaci da Hafilar Abakar

Warin ɓera ne ya fara tarbar mu da muka yaye karan dawar da aka lulluɓe hafilar Abakar, wato ƙaramar bas ɗinsa, da shi. Bayansa sai warin robar da ta daɗe tana shan zafi ba ta motsa ba. Can kuma daga gabas, iska na ɗauko ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani gari da ba namu ba. Duk wanda ya tashi a bakin gulbin nan ya san abin da wannan ƙamshi ke faɗa. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa ta ƙoshi, mota ba ta ƙara taka ta sai kaka. Mu kuwa a ranar muna so mu kai mahaifiyar Abakar Rusairis kafin haka ta faru, domin kwalbar allurarta ta ciwon sukari ta kai gindi.

Zan zo kan wannan rana. Amma ku da kuke zuwa warshata, wannan garejin nawa, yanzu kuna cewa a koya muku aikin kwamfutar mota, kuna ganin ba wani abu ba ne illa a soka waya ƙarƙashin sitiyari, a kalli gilashi, a danna, mota ta warke, bari in fara muku daga inda na fara.

Na fara ne da ruwan zafi da kanwa. Na dawo daga Sinnar da takardar karatun lantarki, ba aiki, sai mahaifiyata ta ce maimakon zaman kallon gulbi in riƙa kai wa ƙaninta abinci a kasuwar Abu Hujar. Kawu Sale mai gyaran wutar mota ne, direbobi na ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Ranar da na fara tsayawa ina leƙen aikinsa, sai ya miƙo mini gwangwani da tsohon burushin haƙori, ya nuna mini wani batir da kawunansa suka yi farin gari kamar an barbaɗa musu gishiri. Na wanke. Ya duba, ya mayar mini. Na sake wankewa har dalmar ta fito tana ƙyalli. Watanni na yi ina wanke kawunan batir, ina kankare tsatsar wayar da ke manne da jikin mota, kafin ya bar ni na riƙe fitilar gwajinsa. Da yawa daga motocin da aka kawo mana da sunan kwamfuta ta lalace, a wannan gwangwanin suka warke.

Kayan aikinsa ba su cika jakar hannu ba. Fitilar gwajin ƙwan sigina ne da ya haɗa wa waya biyu. Akwai ƙarfen narka dalma da yake turawa cikin garwashin mai shayin da ke kusa da mu in wuta ta ɗauke. Akwai sifana lamba goma, wadda ya ɗaura wa jan zare domin ta fi komai ɓata. Nawa kuwa tsohuwar laftof ce da 'yar waya mai faffaɗan kai. Shi yana jin mota da hannu da hanci, ni ina tambayarta ta ba ni amsa a gilashi, kuma ba wanda ya raina na wani. In fitilarsa ta rasa abin faɗa yakan kira ni da sunan da ya sa mini, wato babbar injiniya, ya ce, "Bashmuhandisa, taho ki tambaye ta mi ke damunta." In gilashina ya nuna abin da bai shiga hankali ba, nakan ce, "Kawu, zo ka shinshina."

Direbobi sun daɗe ba su yi mini magana kai tsaye ba. Ina durƙushe ƙarƙashin sitiyari, mai mota na tsaye a kaina, amma sai ya ce, "Usta, ce mata fitilar nan mai ruwan ɗorawa ce ke kunnuwa." Akwai wani manomi daga wajen Jazira da ya gaji da ganin wannan fitila ta gargaɗi, ya manne mata takardar addu'ar tafiya, ya daɗe yana yawo a haka. Da na ɓare takardar ya ce in mayar masa in na gama, ko fitilar ta mutu addu'ar na da amfani. Na mayar, amma a gefe.

Aikin da ya sa suka fara kiran sunana shi ne na hafilar Abakar. Ɗan ƙauyenmu ne, can gabas da gulbi, yana jigilar mutane tsakanin ƙauyuka da Rusairis. Injinsa ya buga, ya je Khartum ya samo wani na hannu da aka ciro daga wata mota dabam, ya fi nasa girma, haɗe da kwamfutarsa. Aka ƙetaro da hafilar zuwa Abu Hujar, makanikai suka dasa injin ƙarƙashin kujerar gaba, aka murza makulli, shiru. Kwamfutar na neman makullin motarta ta asali, wadda wataƙila an daɗe da yanka ta a wata ƙasa. Na buɗe ta a kan tabarma, na karanta abin da ke ciki, na cire mata wannan neman. Na sake rubuta mata yawan man da za ta riƙa zubawa, domin bututan man da aka samu ba irin nata ba ne. Na kuma gaya mata ta daina jiran labari daga wani ma'aunin hayaƙi da babu shi a jikin hafilar. Da ta tashi, ta ɗauki lokaci tana tuntuɓe a hanya, sannan ta daidaita, har ta zama ita ke wuce sauran a hawan tudu.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Kwamfutar inji tana riƙe da abu iri biyu. Na farko shi ne wanda aka rubuta mata, irin wanda na zauna a tabarma na gyara. Wannan ba ya gogewa, ko an jefa ta cikin akwati an manta da ita. Na biyu shi ne wanda take koya da kanta a hanya: cewa maƙogwaron injin nan ya yi datti, sai ta ƙara buɗe shi kaɗan, cewa man ƙasar nan ba shi da ƙarfi, sai ta ƙara zubawa, cewa in fanka ta tashi inji na nauyi, sai ta tallafe shi. Wannan koyon kamar sawun ƙafa ne a yashin bakin gulbi, kuma ɗan siririn wutar batir ne ke tsare shi dare da rana. Aka cire batir, ruwa ya bi ta kan sawun. Motar da ba a taɓa ba, in ta manta, mantuwarta ba ta da nisa, domin abin da aka rubuta mata ya yi kusa da abin da ke jikinta. Amma wadda aka yi wa dashe, komai kyan rubutun da aka yi mata, akwai tazara tsakaninsa da gaskiyar ƙarfen, kuma koyon hanya ne ke cike wannan tazara. In ya tafi, sai ta koma baƙuwa a cikin jikinta.

Sai shekarar yaƙi, wadda aka rufe hanya, ta zo. Ba zan tsaya a kanta ba, kowa na da nasa labarin. Muka kulle warsha, muka ɗauki abin da zai ɗauku, muka ƙetare gulbi zuwa ƙauye. A lokacin duk motar da za ta iya tashi, masu bindiga ne ke tafiya da ita. Saboda haka kowane mai mota ya cire batir, wasu har tayoyi, aka tura motoci bayan gida aka rufe su da kara kamar rumbu. Batiran kuwa suka shiga ɗakuna. Da su ake kunna ƙwan fitila ɗaya da magariba, ake cajin waya ko da ba wanda za a kira, ake juya 'yar fanka a kan jariri. Ba wutar da za a mayar musu. Batirin mota ba ya son a tatse shi har ƙasa, in aka yi masa haka sau da yawa sai ya kumbura ya mutu, kuma haka suka bi juna suka mutu, gida bayan gida.

Inna Asha, mahaifiyar Abakar, tana ajiye kwalaben allurarta cikin jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa. Muna kallon su suna raguwa. Da aka kai ta ƙarshe, wani da ya zo da ƙafa daga kudu ya ce ana samun allurar a asibitin wajen Rusairis, kuma hanyar ƙasa ta gefenmu ana bin ta in an yi sammako. Abakar ya tono jarkar man da ya binne. Wasu mata da 'ya'yansu suka ce su ma za su bi. Da safe muka yaye karan.

Ɓeraye sun ci wata waya kusa da injin, Kawu ya zauna yana haɗa ta. Ni na bi batiran da aka tattaro daga gidaje ina gwadawa, na Abakar na cikinsu. Ko ɗaya bai iya riƙe ƙwan fitilar gwaji da haske ba. Batir ɗaya ne ya rage da rai a ƙauyen, na masallaci, wanda farantin sola ke cika wa kullum, shi kuma yana ba lasifika wuta. Abakar ya tafi wajen ladan, Malam Isiyaku, ya dawo da shi a kafaɗa.

Akwai wata al'ada a wajenmu tun zamanin tsofaffin lorori da taraktoci, ana ce mata aron tayarwa. Batir ɗaya mai kyau yakan tayar da motocin gari duka. A sa shi, a tayar, a zare shi inji na aiki, a kai wa na gaba. Tsohon inji ba ya ma sanin an cire, domin in ya tashi ba ya buƙatar wuta. Da wannan sunan Abakar ya aro batirin, ya yi wa ladan alkawarin mayarwa kafin Azahar. Ni da Kawu ba mu san ya faɗi haka ba.

Na wanke kawunan, Kawu ya ɗaure, Abakar ya hau ya murza makulli. Hafilar ta tashi, ta yi tari, ta mutu. Ya sake. Ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya taka totur ta yi ruri, ya ɗaga ƙafa ta mutu.

"Shi ke nan," in ji shi. "Abin da kika zuba mata ya zube. Dama na ce wanga aikin na iska ne."

Na soka wayata na duba. Rubutuna na nan, ba harafin da ya motsa. Gurbin koyo ne fayau, kamar ranar da aka dasa injin. Na gaya masa ba abin da ya zube, mantuwa ta yi, kuma za ta tuna in an bar ta ta yi numfashi da kanta ba a taka totur ba.

"Har yaushe?"

"Har ta yi zafi, fanka ta tashi ta kwanta, ta sake tashi."

"Da wane mai? Jarka ɗaya ce, Bashmuhandisa. Ke kina so in ƙone ta a tsaye?"

"In ka ƙone kaɗan a nan, sauran ya kai mu. In ba ka ƙone ba, za ta mutu duk inda ka ɗaga ƙafa."

Kawu ya cire robar iska, ya jiƙa tsumma da ɗan mai, ya goge maƙogwaron injin har baƙin ya fita, domin kwamfutar da ta manta tana ɗauka maƙogwaron sabo ne, to gara a matso mata da gaskiya kusa. Na ce Abakar ya buɗe makulli ya jira kaɗan kafin ya murza. Ta tashi. Ɗan tsinken da ke nuna juyin inji ya faɗi ƙasa, ya yi rawa, ya hau, ya sake faɗuwa. Na ga ƙafar Abakar na zamewa wajen totur da kanta.

Inna Asha na zaune a kan gadonta na igiya a inuwar dogon yaro, an fito da ita tun safe. Ta ce, "Abakar, sauko daga nan. Ƙafarka ba ta san zama ba tun kana cikina."

Ya sauko yana gunaguni, ya je ya kama ɗaure kaya a rufin mota.

Wannan jiran shi ne aikin, kuma shi ne abin da ba na iya nuna muku a gilashi. Kana tsaye, hannunka na ƙaiƙayi, kowa na kallonka, kuma abin da ya kamata ka yi shi ne kada ka yi komai. Injin na hawa yana sauka, kamar numfashin yaron da ya gama kuka bai gama shessheƙa ba. Kwamfutar na gwada buɗe iska kaɗan, ta saurara, ta rage, ta saurara. Mata na shiga da ƙunshin kaya, wata ta kawo mana jabana, gahawarmu, a ƙananan kofuna. A gabas hadari ya fara tara baƙi a gindin sama. Da fanka ta tashi karo na farko, injin ya durƙusa kamar zai mutu, sai ya miƙe. Karo na biyu ɗan sunkuyawa kawai ya yi. Na kunna fitilu, ya ɗauka. Tsinken ya tsaya wuri ɗaya, sautin ya zama shimfiɗaɗɗe, har mutum ya iya mantawa da shi ya yi hira.

A lokacin ne Malam Isiyaku ya iso da sandarsa, wasu maza na biye da shi. Rana ta kusa tsakiya.

"Ma sha Allahu, ta tashi," in ji shi. "To a ba ni kayana, lokaci ya matso."

Abakar ya diro daga rufi, ya ɗauki sifana mai jan zare, ya nufi batirin. Na riga shi, na ɗora tafin hannuna a kai.

"Mi kuma?" ya ce. "Ai dinamo ya karɓa."

"Aje sifanar nan," in ji Kawu. "Wagga ba lorin babanka ba ce. Ka zare batir tana aiki, dinamo ya watso wuta ba mai tare ta, kwamfuta ta ƙone. Ina za ka samo wata yanzu?"

"To a kashe, a cire, a sa nawa, mu tura."

Na ce in aka cire, duk abin da ta koya tun safe ya tafi, sai a sake daga farko, kuma man ba zai ishe mu ba. Nasa batirin kuwa ba ya riƙe wutar da kwamfuta za ta farka da ita. Kuma ba ta gama koyo ba, na tsaye kawai ta koya, saura na tafiya. In ta mutu a tsakiyar rafi, wa zai tura? Mata da goyo?

Malam Isiyaku ya dube ni.

"Ɗiyata, faɗa mani a fili. Ba aro ba ne ke nan."

"Ba aro ba ne, Baba. Tafiya zai yi da mu. In hanya ta yarda, Abakar ya dawo da shi. In ruwa ya sauka, sai bayan damina."

Ya jingina da sandarsa. Ya ce batirin ba nasa ba ne, na jama'a ne. Kuma ba kiran salla kaɗai yake yi ba. Da lasifikar nan ake sanar da waɗanda ke gona in an hango motoci a hanya, su kwanta cikin dawa ko su gudu bakin gulbi. Wani daga cikin mazan ya ce gonarsa ce ta fi nisa, kuma 'ya'yansa na can kullum. Bai faɗa da faɗa ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Inna Asha da Malam Isiyaku taubasai ne, ɗan kawunta ne, ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ku ba shi abinsa. In ba ƙarfen nan, muryar Isiyaku ba ta kai ƙofar gidansa. Kar a ce Asha ta tafi ta bar gari ba salla."

"Kun ji ta ko?" in ji shi. "Ni da nike kiran salla tun ba a san lasifika ba a garin ga."

"Kira kake, ko akuya ce ta maƙale a shinge?"

"Akuyar ce ta tashe ki Asuba duk shekarun nan, ba ki taɓa tashi ba."

"Ina tashi. Toshe kunne nike."

Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ta, ta rame a watannin nan har zoben hannunta na juyawa. Sannan ya juya wajen mazan.

"Akwai tsohon ƙarfen tayar lori bayan masallaci. A rataye shi a bishiya. In an ga wani abu a buga shi, ƙararsa na kai gona. Akwai mai magana?"

Mai gona mai nisa ya dubi ƙasa, ya ce zai riƙa barin babban ɗansa a kan tudu yana kallon hanya. Ba wanda ya ƙara.

"To ku ɗauke ta, ku ɗauke batirin," in ji Malam Isiyaku. "In huta da su biyun."

Kawu ya yanko robar tsohon tiyub ya ɗaure batirin tamau don kada gargada ta girgiza kawunan, ya shafa musu giris. Shi ba zai bi mu ba, ya ce wani ya zauna da gida. Abin da ya gaya mini a bakin ƙofar hafilar shi ne, "Kar ki bari kowa ya taɓa kan nan. Ko waya aka ce a caja, ki ce a'a." An ce ɗin kuwa, tun ba mu yi nisa ba, kuma na ce a'a.

Na zauna gaba, a kan injin, laftof a cinyata. Na ce Abakar ya tafi a hankali da farko, ya hau giya ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta ta ji kowane nauyi. Wannan karon bai yi musu ba. Ƙasar ta tsattsage da fari, hadarin na tafiya a gefen hagunmu kamar wanda ke rakiya bai yanke shawarar shigowa ba. A wani rafi da ba ya ruwa sai damina, muka tarar gindinsa ya riga ya yi laushi, alamar an yi ruwa a sama. Abakar ya shiga, taya ta nutse kaɗan, ya ɗaga ƙafa zai sauya giya, injin ya mutu.

Wani jariri ne kawai ke tsotso. Abakar ya dube ni, na ce ya murza. Batirin masallaci ya juya injin da ƙarfinsa duka, ta tashi a bugu ɗaya, muka haye. Ba ta sake mutuwa ba. Ruwan ya same mu muna hango gidajen Rusairis, ya sauka kamar ana juye randa, hanyar da muka baro ta rufe a bayanmu.

Inna Asha ta samu allurarta. Tana nan har yau, tana faɗa da masu jinya. Hanyar kuwa ba ta buɗe bayan damina ba kamar yadda na faɗa wa ladan, ta daɗe a rufe saboda abin da ba ruwa ba, wayoyi ma ba sa shiga. Na nemi gefen wata rumfa kusa da tashar mota na shimfiɗa tabarmata, daga nan warshar nan ta fara. Motocin da suka tsero duk irin ciwonsu ɗaya, an cire musu batir an ɓoye su, sun tashi ba su san kansu ba. Na ga waɗanda aka sauya musu famfon mai da filogi ba dalili, na ga kwamfutocin da aron tayarwa ya ƙone. Shi ya sa kuke ganin ƙaramin batirin babur ɗin can mai waya biyu. Kafin in cire batirin kowace motar da aka yi wa dashe, sai na maƙala shi, ya riƙe mata abin da ta koya har in ɗaura sabo. In kuma ta riga ta manta, sai in sauke direba daga kujera, in aika a kawo masa shayi. Wanda zai iya tsayawa kusa da inji mai tari bai taɓa komai ba har fanka ta tashi ta kwanta, shi nake ɗauka aiki. Soka waya kowa ya iya.

Da hanya ta buɗe, Abakar ya kai wa masallaci sabon batir. Ni ban samu komawa ƙauye ba sai can baya, lokacin idon Kawu ya fara rauni. Malam Isiyaku ya aiko a ce in zo in duba musu wayoyin sola, lasifika na wata ƙara da ba ta saba ba. A bayan akwatin na tarar da wasu wayoyi biyu da ba su da aiki, sun taho daga farantin kai tsaye, sun bi ta wani ɗan ƙarfen daidaita wuta da aka ciro daga mataccen dinamo. Na tambaye shi na mene ne.

Ya ce bayan tafiyarmu Kawu ya haɗa lasifikar da farantin, ba batir a tsakani. Sai ta zama ba ta magana sai da rana. Asuba da Magariba da Isha, tsani yake hawa ya kira da maƙogwaronsa daga kan rufi. Azahar da La'asar kuwa lasifika ke kai su har gonaki, muddin rana na waje. Amma damina ce. Wani lokaci yana tsakiyar kira gajimare zai ratsa, muryar ta nutse ta ɓace, shi bai ma sani ba, yana ta kira a cikin ɗaki. Ya ce sai daga baya mutanen gona suka gaya masa abin da suke yi in haka ta faru. Kowa yakan dakata da fartanya a hannu, ya ƙarasa kiran da bakinsa daga inda ya yanke.